Idan Inji Ya Ɗau Zafi A Tsakiyar Kogi: Yadda Ake Gano Inda Matsalar Take

Ranar kasuwa ce, kwatar Yauri ta cika tun da hantsi. An loda buhunan albasa da na shinkafa a wani dogon jirgin katako, an ɗaure babura biyu a kansu, mata da yara sun jeru a kan allunan tsakiya. Matuƙi ya ja igiyar inji, ya tashi, jirgi ya juya hanci ya nufi ƙetare.

Ba a yi nisa ba sai ƙarar injin ta sauya, ƙarfinsa ya ragu, ƙaurin roba da na fenti ya taso. Yaron jirgi ya leƙa baya, ya ce inji ya daina fitsari. Matuƙi ya sassauta totur ya kashe. Nan take ruwa ya fara jan jirgin a karkace, fasinjoji suka ɗauki salati.

Duk wanda ya saba ƙetare Kogin Neja tsakanin Zamare da Rofiya, ko ya bi Binuwai ta Ibi da Numan, ko ya shiga Tafkin Chadi ta Baga, ya taɓa ganin irin wannan ko ya ji labarinsa. Yawanci ana tsira: a ɗauko filafili, ko wani jirgi ya zo ya ja. Sai dai abin da za a yi wa injin bayan an kai gaɓa shi ke nuna ko gobe za a maimaita, kuma a nan ne aka fi yin kuskure.

Tsofaffin injina, tsadar kaya

Injin da ya fi yawa a waɗannan ruwaye shi ne wanda ake ratayawa a bayan jirgi, mai shan fetur gauraye da baƙin mai. Akasari Yamaha Enduro ne, mai ƙarfin doki 15 ko 25 a hannun masunta, mai 40 ko 75 a jiragen fasinja da na kaya, sai kuma Suzuki da Tohatsu da injinan China nan da can.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta ninka sau da dama, darajar naira kuma ta faɗi. Sabon inji yanzu maganar miliyoyin naira ce. Saboda haka mai jirgi ya koma lallaɓa wanda yake da shi, ko ya sayi na hannu, kuɗin gyara kuwa shi ne na farko da ake tsukewa. Kayan gyara na asali sun yi tsada, na jabu sun cika shaguna.

Shi ma ruwan ya canza. Ledar fiya wata da baƙar leda suna yawo a kowace kwata, ga yagaggen taru, ga kainuwa da burugu. A yankin Haɗeja da Nguru kuwa kacala ce ta toshe hanyoyi da yawa.

Hanyar da ruwa ke bi

Mota tana yawo da ruwanta a cikin lagireto. Injin jirgi ba shi da wannan, daga kogin da yake tafiya a kai yake sha. A can ƙasan ƙafarsa, sama kaɗan da farfela, akwai ƙananan ƙofofi masu raga a gefe da gefe. Ta nan ruwa ke shiga.

Daga nan sai famfo, wanda ke zaune a saman giyabos. A cikinsa akwai wata 'yar roba mai fukafukai, yawanci shida, wadda makanikai ke kira imfela. Sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa farfela ita ce ke juya ta. Robar ta tura ruwa ta wani siririn bututu zuwa sama, ya zagaya ramukan da ke jikin silinda da kan silinda da murfin salansa, ya kwashi zafi. A bakin fita akwai tamostat, ɗan bawul da ke rufe idan inji na da sanyi, ya buɗe idan ruwa ya kai wajen digiri 50 zuwa 60. Yawancin ruwan yana fita tare da hayaƙi ta tsakiyar farfela. Kaɗan ne ke tsartuwa ta wani ɗan rami a gefen inji don matuƙi ya gani, shi ne fitsarin da yaron jirgi ke sa wa ido.

Tsarin ke nan gaba ɗaya. Duk zafin da ya shafi ruwa, a ɗaya daga cikin waɗannan wurare yake, kuma makanikin da ya san aikinsa yana bin su ne yadda ruwan ke bin su, daga ƙasa zuwa sama. Hakan ya yi daidai da aljihu ma, domin abin da ke ƙasa ya fi arha.

Fitsari shaida ne, amma ba ya isa

Matuƙa da yawa sun ɗauka in dai ruwa na tsartuwa to lafiya lau. Ba haka ba ne. A injina da dama, ruwan fitsarin yana rabuwa ne tun kafin ya kai ga tamostat. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne famfo na turo ruwa. Ko ruwan ya zagaya kan silinda ko bai zagaya ba, wannan wata magana ce daban. Ana iya samun inji yana fitsari da ƙarfi alhali samansa na dahuwa.

Akwai kuma akasin haka. Fitsari ya ɗauke, hankali ya tashi, a ƙarshe a tarar ɗan ramin ne kawai ya toshe. Yashi kan yi haka, zanzaro ma kan cusa laka a ciki idan an jingine inji a rumfa na 'yan kwanaki. Zura zaren fatsa mai kauri ya isa ya buɗe shi. Waya ko ƙusa kan huda ɗan tiyon da ke ciki.

Don haka sai an haɗa da hannu. A tara tafin hannu a ruwan: ɗumi-ɗumi shi ne daidai, in kuwa yana ƙuna, ko yana fitowa a guntule tare da tururi, akwai matsala. A cire murfi a taɓa kan silinda da hankali. Inji mai lafiya hannu kan jure masa na 'yan daƙiƙoƙi. Idan aka ɗiga ruwa ya yi cuu ya ƙafe, ko fentin wurin ya sauya launi ya fara ɓarewa, zafin ya wuce misali. Wasu manyan injina suna da ƙararrawa, suna kuma rage gudu da kansu idan zafi ya yi yawa. Abin takaici, sau da yawa akan tarar an tsinke wayar don ta ishi mutane da ƙara.

Kafin a ɗauko sifana

Abu na farko a tsakiyar ruwa shi ne a mayar da giya firi, a duba fitsari, a kashe. Sai a ɗaga ƙafar inji a duba ƙofofin shan ruwa. Leda guda ta isa ta rufe su ruf. Wani lokaci ma da zarar an kashe inji sai ledar ta saki ta tafi abinta, a duba a ga ba komai, a yi ta mamaki. Kada a kwara wa kan silinda ruwan kogi don a huce da shi da sauri. Alminiyom ne, sanyin farat ɗaya kan lanƙwasa shi ko ya tsaga shi.

Na biyu shi ne zaman injin a jikin jirgi. Ana ƙera injina da doguwar ƙafa da gajeruwa, amma mai sassaƙa jirgin katako ba kullum yake auna allon baya da injin da za a rataya ba. Idan inji ya zauna sama da yawa, ko aka tara kaya a gaba har bayan jirgi ya ɗaga, ƙofofin sukan riƙa leƙowa waje suna shan iska. Haka ma matuƙin da ke tafiya da ƙafar inji a ɗage don gudun yashi. Wannan ba ciwon inji ba ne, gyara lodi ko rage tsawon allo ke maganinsa.

Robar da ke kashe inji

In an wuce waɗannan, sai a sauke giyabos a buɗe famfo. Mafi yawan labarin a nan yake ƙarewa.

Gidan famfon ba a tsakiya robar ke zaune a cikinsa ba, ta ɗan karkata gefe guda. A kowane juyi fukafukan sukan lanƙwashe su sake miƙewa, da haka suke zuƙo ruwa su tura shi. Ruwan da take turawa shi ne kuma ke sa ta santsi, shi ke hana ta ƙonewa. Idan ta yi gudu a bushe, ko minti ɗaya ba a cikawa ta lalace.

Ga shi kuwa al'ada ce a bakin kwata mutum ya ja igiya a kan tudu don ya ji lafiyar inji, ko mai sayarwa ya tayar wa mai saye ya ji ƙara. Wannan ɗan tashin ya isa ya gasa bakin fukafukan. Injin zai shiga ruwa ya yi aiki, fitsari ma zai fito, sai bayan kwanaki abin ya bayyana, a lokacin an manta da ranar da aka jawo shi. Wanda zai gwada inji a waje ya sa ƙafar cikin duro, ruwa ya haura inda famfon yake sosai.

Yashi shi ne abokin gaba na biyu. Mutanen bakin Neja sun san cikar kogi iri biyu. Akwai farin ruwa na damina, daga wajen watan Agusta, wanda ruwan saman yankin ke kawowa ɗauke da laka. Akwai baƙin ruwa da ke isowa cikin hunturu daga tsaunukan Gini, bayan ya tace a fadamun Mali. Lokacin farin ruwa famfo na niƙa laka yini guda. Lokacin da ruwa ya ja baya kuma, musamman a Tafkin Kainji da tsayinsa ke sauka da mitoci da dama duk shekara, farfela kan tono yashi a wurin fita da shiga kwata, famfo ya zuƙe.

Abin da makanike zai duba ya wuce ko fukafukai sun cika. Ya duba ko sun sandare a lanƙwashe ba sa miƙewa, abin da ajiye inji na tsawon lokaci cikin zafi ke jawowa. Ya duba ko bakinsu ya yi sulɓi ko ya tsattsage. Ya riƙe robar ya murɗa zoben da ke tsakiyarta, domin wani lokaci zoben kan rabu da robar: sanda na juyawa, roba na tsaye, a ido kuwa sabuwa fil. Ya shafa faifan ƙarfen da ke ƙasa da kofin da ke cikin gidan, in yatsa ya ji zane mai zurfi to sabuwar roba ma ba za ta riƙe ruwa ba, sai an canza su tare.

Idan an tarar fiffike ya gutsure, aikin bai ƙare ba sai an gano inda guntun ya tafi. Sama yake bi, ya maƙale a bututu ko a bakin tamostat. Makanikai da yawa sukan sa sabuwar roba su ɗaure su karɓi kuɗi, mai jirgi ya dawo washegari da ciwon jiya.

Wurin mayarwa ma akwai tarko. Ɗan makullin da ke riƙe robar a jikin sanda ƙarami ne, yana iya zamewa ba a lura ba. Ana danna gidan famfo ne ana juya sandar ta hannun dama don fukafukan su kwanta ta inda ya dace. Sannan bakin bututun ruwa dole ya shiga mazauninsa lokacin da ake mayar da giyabos, in ya kauce, famfo zai yi ta zubar da ruwa a cikin ƙafar inji.

Game da roba ta jabu kuwa, araha ba ta ado. Ta asali ba ta kai kuɗin man da jirgin fasinja ke sha a yini guda ba. Ga injin da ke aiki kullum cikin ruwa mai laka, buɗe famfo kafin damina da bayanta ba ɓarna ba ce.

A tambayi matuƙi: yaushe yake zafin?

Tambaya ɗaya tana rage rabin aiki, amma ba kowane makanike ke yin ta ba. Idan inji na zafi ne a silo ko a tafiyar sannu, ya huce idan an ba shi wuta, yawanci roba ce ta gaji. A gudu, ƙarfin tafiyar jirgi na taimaka wa ruwa shiga, sai ya rufa mata asiri.

Idan kuma lafiya lau yake a sannu, sai an murɗa totur sosai zafi ya zo, to ruwa na zuwa amma bai wadatar ba. A nemi toshewa a raga ko a ramukan cikin inji, inda laka ke taruwa ta daskare, ko iska da ke shiga ta tsagar gidan famfo, ko zaman inji sama da kima.

Idan zafin bai damu da gudu ko sannu ba, ga fitsari da ƙarfi, to a nufi tamostat kai tsaye.

Rigimar tamostat

A nan ne ra'ayi ya rabu. Makanikai da yawa, na mota da na jirgi, sun yi imani tamostat kayan ƙasashen sanyi ne, ba shi da amfani a ƙasar da rana ke dukan mutum haka. Da sun buɗe sai su cire su jefar. Hujjarsu ba ta rasa tushe ba: abin kan maƙale a rufe idan laka ta kama shi, samun sabo a ƙauyen bakin ruwa kuma wahala ne, kuma gara inji mai sanyi da wanda ya buga.

Masu bin littafin kamfani suna ganin akasin haka. Rana ba ta shafi lissafin ba, domin ruwan kogi ko a bazara bai kusa da zafin da aka tsara inji ya yi aiki a kai ba. Injin da ke gudu da sanyi ba ya ƙone mai da kyau. Fulogi ya riƙa baƙi, gawayi ya taru a ringi, shan mai ya ƙaru, a wannan zamani da lita ta zama abin da ta zama. A wasu injinan ma tamostat ɗin ne ke riƙe ruwa ya cika ramukan sama, in babu shi sai ruwa ya bi gajeriyar hanya ya bar wani gefe a bushe.

A ganina cire shi dabara ce ta isa gida, ba gyara ba. Kuma gwada shi bai fi ƙarfin kowa ba. A jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta a zuba ido. Mai lafiya zai buɗe tun ruwan bai kusa tafasa ba, ya rufe idan ya huce. Wanda ya ƙi buɗewa a canza shi. Tunda an buɗe wurin, sai a leƙa a ga yawan lakar da ta taru.

Idan laifin ba na ruwa ba ne

Wani zafin daga mai yake. Ƙa'idar yawancin waɗannan injina ita ce kashi ɗaya na baƙin mai cikin kashi 50 na fetur, wato rabin lita a tanki mai lita 25. Wanda ya rage don tsimi, ko ya zuba man da ba na irin injin ba, fistin ne zai biya. Kabureta mai datti da ke ba silinda mai kaɗan ita ma tana sa fistin zafi ko da ruwa na zagayawa daidai. Haka lodin da ya fi ƙarfin inji, ko farfelar da ta yi masa girma: totur a ƙure, inji na nishi, ba ya kai juyin da ya kamata.

Na ƙarshe, kuma mafi tsada, shi ne gasket ɗin kan silinda. Sau da yawa zafin baya ne ke ƙona shi, daga nan shi kuma ya zama sanadin sabon zafi, domin hayaƙi na kutsawa cikin hanyar ruwa yana kore shi. Fulogi ke tona asirinsa. Idan aka kwance aka ga ɗaya ya yi fes fiye da ɗan'uwansa, ko da ɗigon ruwa a bakinsa, ruwa na shiga wannan silindar. Kafin a sa sabon gasket sai an tabbatar kan bai lanƙwashe ba.

Manyan jirage masu injin dizal a ciki tsarinsu ya ɗan bambanta. Galibi ruwa biyu ne: na cikin inji da ke zagayawa a rufe, da na kogi da ke sanyaya shi ta cikin wasu siraran bututu. Nan ma daga matatar ruwan kogi ake farawa, sai roba, sai fambel, sai bututun. Murfin ruwan ciki kuwa ba a buɗe shi inji na da zafi.

Abin da ba a cika faɗa ba bayan hatsari

Manyan haɗurran da suka girgiza Arewa sanannu ne: na Warra a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, na Bagwai a jihar Kano a ƙarshen 2021, na Patigi a jihar Kwara a Yunin 2023 inda fiye da mutum 100 suka rasu, da na Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa a Oktoban 2024. Abin da aka fi ɗora wa laifi shi ne lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsufan jirage da kututturan da ke ƙarƙashin ruwa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya, hukumar raya yankunan madatsun lantarki, HYPPADEC, ma ta raba riguna a garuruwan bakin ruwa.

Duk wannan daidai ne. Amma jirgi ba shi da burki, kuma irin wannan inji shi ne sitiyarinsa. Da ya mutu, matuƙi ba shi da ikon fuskantar igiyar ruwa ko kauce wa kututture. Jirgin da aka cika har baki, ya juya gefe, mutane suka ruɗe suka koma ɓangare guda, kaɗan ya rage masa.

Matuƙa na cewa ba su ke da jiragen ba, balas ake jira su kawo kowace yamma, wanda ya ce a tsaya a buɗe famfo ranar kasuwa zai iya rasa aikinsa. Masu jirage na kuka da tsadar mai da ta kayan gyara, da fasinjan da ba ya son ƙarin kuɗi. Makanikai kuma na cewa ba a kawo musu inji sai ya riga ya buga. Kowa na da gaskiyarsa, sai dai fasinjan da ke zaune a tsakiya ba a tambaye shi ba.

Akwai abin da bai buƙatar kasafin kuɗi. Kusan kowace kwata tana da sarkin ruwa ko shugabannin ƙungiya da ke tsara layi suna karɓar kuɗin lodi. Su ne za su iya sa doka cewa ba jirgin da zai ɗauki mutum sai an tayar da injinsa a cikin ruwa an ga fitsarinsa, an kuma ga filafili da anga da robar famfo ta ajiya a ciki. Kwalejin koyon kiwon kifi ta tarayya da ke New Bussa tana kusa da masu wannan sana'a, ya kamata gwamnatocin jihohi su haɗa kai da ita a shirya wa makanikan bakin ruwa gajeren horo kafin kowace damina.

Kai kuma fasinja, kafin jirgi ya bar gaɓa, waiga ka dubi bayan injin. In ba ka ga ruwa na tsartuwa ba, yi magana tun ƙafarka na iya taka ƙasa.